Gadar Injiniya

Tun kafin motar ƙungiyar tsofaffin ma'aikata ta gama tsayawa a ƙofar masaukin, Injiniya ya riga ya hau dutsen da baki sau biyu ya sauko.

"Wannan ne dutsen da ake ta zuzutawa?" in ji shi, yana leƙe ta taga. "Ai wannan tudu ne. Mu da muka fasa hanya a wuraren da jaki ke zuwa ya duba ya koma gida!"

Malama, matarsa, tana zaune a gefensa da jaka a cinya. Shekara talatin da huɗu na aure sun koya mata cewa bakin mijinta irin famfon nan ne da ya lalace, in ka murɗa don ka rufe sai ya ƙara feshi.

Su goma sha ɗaya ne a tafiyar, duk 'yan unguwa ɗaya, duk sun ajiye aikin gwamnati. Kowace shekara sukan fita yawon buɗe ido na kwana biyu, kuma a ranar komawa gida, kafin a shiga mota, ake zaɓen shugaban ƙungiya. Bana mutum biyu ne suka fito. Akwai Fosmasta, wani siririn dattijo da ya yi shekara talatin a gidan waya, wanda in ya yi magana biyar a yini to ranar ya yi surutu. Sai kuma Injiniya, wanda yake son kujerar nan kamar ya yi kuka. Har ya riga ya sa an buga masa ƙananan katuna ɗari biyu masu ɗauke da kalmar "Shugaba" a ƙarƙashin sunansa. Suna cikin jakar Malama, ɗaure da roba.

Batun injiniyancin kuwa, a ma'aikatar ayyuka ya yi aiki, wannan gaskiya ne. Sai dai makullin sito ne a hannunsa tun daga ranar da aka ɗauke shi har ranar da aka sallame shi. Bayan ya yi ritaya suka tare a sabuwar unguwa, a ranar ya raɗa wa kansa suna, kuma sunan ya bi shi. Duk ƙungiyar Malama kaɗai ta san haka, ba ta kuma taɓa faɗa wa kowa ba.

Da la'asar suna shan shayi a baranda, mai masaukin ta zo gaishe su. Mace ce kakkaura, mai ƙarancin dariya, hannunta duk ƙasar lambu. Ta ce musu duk baƙon da ya kwana a nan bai hau dutsen da sassafe ba, to bai ga komai ba, don daga ƙoli ake ganin kogin gaba ɗaya, yadda ya naɗe kwarin.

"Tafiyar minti arba'in ce," ta ce. "Ni kullum nakan hau da butar shayi saboda baƙi. In kuna so ku biyo ni."

Injiniya ya ajiye kofi. Malama ta ga idonsa ya yi wannan ƙyallin da ta sani.

"Baiwar Allah, mun gode," ya ce. "Amma ƙungiyar nan tana da jagora. Ba za a ce ina raye mace mai lambu ta ja mu zuwa kan dutse ba. Rubuta min hanyar a takarda kawai. Mu mutanen takarda ne."

Mai masaukin ta dube shi daga hula zuwa takalmi. Ta zaro biro daga aljihu, ta yi rubutu a bayan wata ambulan, ta miƙa masa. Ya gyara tabarau, ya karanta da ƙarfi don kowa ya ji:

"Ku fita ta ƙofar baya. Ku miƙe har tankin ruwa. Daga nan ku bi gada. Duk inda hanya ta rabu, ku duba gada, ba za ku ɓata ba."

Ya buga cinya. "Gada! Jama'a, an zo fagena. Gada arba'in da biyu na gina da hannun nan. Ko a rufe min ido, in akwai gada a kusa, ƙanshin simintinta nake ji."

Mai masaukin ta buɗe baki. "Ranka ya daɗe, ba wai..."

"A'a, a'a. Koya min dashen kabeji, zan saurara. Amma kada ki koya min gada."

Matar ta rufe bakinta, ta mayar da biro aljihu, ta koma lambunta. Malama ta lura da yadda kafaɗunta suke motsi tana tafiya, kamar mai tari ba sauti.

Gari bai gama wayewa ba usur ya tsaga masaukin. Wani baƙo a bene ya buɗe taga ya tambaya ko gobara ce. Injiniya yana tsaye a tsakar gida cikin rigar ruwa mai ruwan lemo, wadda ko daga wata ƙasa za a hango. Usur a wuya, kamfas mai nuna alƙibla a hannu, sanda a ɗaya hannun. A ƙafarsa manyan takalman hawan dutse ne da ya aro wurin mijin 'yarsu, mutumin da ya fi shi ƙafa nesa ba kusa ba. Malama ce ta cusa musu tsohuwar jarida don su zauna.

"A yi layi! Gajeru a gaba!"

"Mu ne gajerun, ko masu gajeren tunani?" in ji Sista. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, ta karɓi haihuwar rabin unguwar, saboda haka ba ta jin nauyin kowa. "Injiniya, wannan riga fa? Kwashe shara za mu je?"

Ya rataya wa Malama madubin hangen nesa a wuya, sannan ya ɗora mata ƙaton fulas na ƙarfe, mai cin kofi goma sha biyu.

"Wannan shayin nasara ne, a ƙoli za a sha shi. Ke aikinki riƙo. Riƙe shi da hannu biyu, kada ki sake shi sai na ce."

"To, Baban yara," in ji Malama. Ta rungume fulas.

Har tankin ruwa komai ya tafi daidai, don hanya ɗaya ce, ko makaho zai bi. A bayan tankin hanya ta rabu biyu. Ta hagu ta yi sama cikin itatuwa. Ta dama ta gangara. A tsakaninsu akwai wani faffaɗan dutse, an zana masa wata 'yar dabba da fenti rawaya, kanta yana kallon hagu.

Fosmasta ya nuna da sanda. "Wannan fa?"

"Akuya ce," in ji Injiniya. "Aikin marasa aikin yi. Ku yi tunani mana, ku da kuka yi boko. Ina ake gina gada? A kan ruwa. Ina ruwa yake? A ƙasa. Dama!"

Ya busa usur, aka gangara.

Bayan minti goma Sista ta tsaya ta dafa ƙugu. "Injiniya, ni dai tun da uwata ta haife ni, in ana hawa gwiwa ce ke ciwo, in ana sauka yatsun ƙafa. Yanzu yatsuna ke ciwo."

"Ido ne ke ruɗinki. Mu a wurin aiki muna kiran wannan ɓoyayyen hawa. Kina sauka a fili, amma a lissafi hawa kike."

"To Allah ya sa a lissafi za mu ga kogin."

Ya ɗaga kamfas don ya rufe mata baki. Ya riƙe shi dab da cikinsa, inda ƙaton ƙarfen bel ɗinsa yake, ya juya gabas, ya juya yamma. Fosmasta ya leƙa.

"Allurar nan cibiyarka take nunawa."

"Arewa take nunawa."

"Ka juya, ta biyo ka."

"Kamfas mai kyau ke nan. Ya san mai shi."

Gaba kaɗan wani ɗan ruwa ya ratsa hanya, ya bar caɓi mai faɗin tabarma. Akwai duwatsu uku a gefe da mutane ke takawa su wuce. Tsohon malamin gona da ke cikinsu har ya ɗora ƙafa a na farko, Injiniya ya dakatar da shi da usur.

"Duwatsun nan ba su da tushe. Ku tsaya ku ga yadda ake yi. Irin wannan ƙasa, saman ne kawai laushi. A taka da diddige, a yi sauri, kamar haka."

Taku na farko ya shiga har idon sawu. Na biyu har ƙwauri. Da ya fizgo ƙafa sai ƙafar ta fito, takalmin ya zauna. Ya tsaya a ƙafa ɗaya yana kaɗa hannuwa, safa tana lilo, sannan a hankali, kamar wanda aka yi wa tayin kujera, ya zauna cikin caɓin.

Sauran suka bi ta kan duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya jiƙa ko yatsa. Maza biyu suka ciro shi, malamin gona ya zaƙulo takalmin da sanda. Da aka zazzage shi sai dunƙulen jarida ya faɗo.

Sista ta ɗauka da yatsu biyu. "Ashe da labarai muke tafe. Fosmasta, zo ka raba wa jama'a."

"Da gangan na yi," in ji Injiniya, yana matse wando. "Jagora shi ke gwada ƙasa kafin mabiya. Yanzu kun san ba a bi ta nan."

"Mun sani tun kafin ka zauna," in ji Sista.

Inda hanya ta sake rabuwa, ga 'yar dabbar nan kuma a jikin wani dutse, wannan karon kanta yana kallon wata siririyar hanya da ta koma sama. Malama ta tsaya ta dube ta da kyau. Ba gemu. Ƙafafu sirara kamar tsinke. Ƙahonni 'yan gajeru, a miƙe. Wanda ya zana ta ya san abin da yake zanawa, kuma ba akuya ba ce.

Shekara ashirin da takwas Malama ta yi tana koyar da aji huɗu. Kowace shekara akwai ranar da takan rubuta haruffa huɗu a allo, ta ce wa yara su karanta mata su ta hanya biyu: wadda ake takawa a ƙetare ruwa, da wadda ke tsalle a dawa. Rubutu ɗaya ne, murya ce ke raba su. Ta tuna bakin mai masauki da ya buɗe aka rufe shi.

Ta matsa kusa da mijinta, ta rage murya yadda ba wanda zai ji.

"Baban yara, ina ganin gadar da ke cikin takardar nan mai ƙafa huɗu ce. Dubi zanen. In ka juya yanzu, sai ka ce ka kawo mu ganin ruwa ne tukuna. Ba wanda zai gane."

Da ya yi shiru ya karɓa, da labarin ya ƙare a nan. Sai ya ja da baya, ya buɗe hannuwa.

"Jama'a, ku zo ku ji! Malama ta gano hanya. Ta ce naman dawa za mu bi! Mu tsaya ke nan har ya fito daga cikin dutse ya ja mu." Ya yi dariya shi kaɗai, sannan ya juyo gare ta. "Ke da kika ƙare rayuwarki kina koya wa yara ba, bi, bu, yau ke za ki fassara min takardar hanya? Na ce miki aikinki riƙo. Riƙe fulas."

Mutum biyu suka yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. Sista ba ta yi ba. Malama ta dubi fulas, ta gyara masa zama a ƙirjinta.

"Na riƙe," ta ce.

Suka ci gaba da ɓoyayyen hawa har ƙasa ta ƙare, suka tsinci kansu a bakin kogi. Hazon safiya yana kwance a kan ruwan, ba a ganin komai sai 'yan taku kaɗan. Wani masunci yana kwance igiyar kwalekwalensa.

"Sannu, mai ruwa!" in ji Injiniya. "Ina gada a nan?"

Masuncin ya dubi rigar, ya dubi wandon, sannan ya nuna da haɓa. "Ga ta can bayan itacen nan. Amma ranka ya daɗe, Kofur yana ciki fa. Da safe ba ya son baƙi."

"Kofur?" Injiniya ya yi tsaki. "Ni da na zauna teburi ɗaya da masu anini a kafaɗa? Zan yi masa magana, zai sara min."

Masuncin ya yi kamar zai ƙara wani abu, sai usur ya katse shi. Ya ɗaga kafaɗa, ya tura kwalekwalensa cikin hazo.

Gadar kuwa akwai ta. Katakai ne aka jera a kan wayoyi biyu, da igiya a kowane gefe don dafawa. A bakinta akwai 'yar ƙofar langa-langa da aka ɗaure da waya. Ɗaya ƙarshen ya ɓace cikin hazo da dogayen ciyayi.

Injiniya ya juyo ya dubi jama'arsa da fuskar wanda aka daɗe ana zalunta, yau gaskiya ta fito.

"Malama, ga dabbarki. Ƙirga ƙafafunta."

Ya warware wayar, ya wangale ƙofar, ya hau katako na farko ya buga ƙafa. "Kun ji? Aikin masana ne. Wannan za ta ɗauki tirela da kaya." Ya yi ɗan tsalle don ya tabbatar. Gadar ta yi lilo hagu, ta yi dama, ta yi wata ƙara kamar tsohon gado. Ya cafke igiya da hannu biyu, sandarsa ta faɗa ruwa ta kama hanyarta.

"Tirelar ta wuce," in ji Fosmasta.

"Ni gwiwata ɗaya ta ƙarfe ce," in ji Sista. "Likitan da ya sa min ita bai ce tana iyo ba."

Ba wanda ya matsa. Injiniya ya ga lokacin jawabi ya yi. Daga kan katako na uku, yana riƙe da igiya, ya ce shugabanci ba kujera ba ne, shiga gaba ne. Ya ce yau kowa zai ga bambancin mai buga hatimi a wasiƙa da mai fasa hanya. Ya ce duk wanda ya biyo shi yanzu ya san hannun da zai ɗaga anjima.

Malamin gona ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalmin da take a ɗaure.

"Matsorata! To mu haɗu a ƙoli. Za ku same ni ina jiranku."

Ya juya. Rabin gadar na farko ya yi shi a tsaye, rabi na biyu da rarrafe. Rigar lemon ta dusashe cikin hazo, ta ɓace. Ƙofar langa-langa ta tsaya a buɗe yadda ya bar ta.

Su goma suka rage a bakin kogi, ana jin ruwa yana wucewa.

"To," in ji Malama, "ni dai akuyar zan bi."

Ta juya, suka bi ta.

Hawan na gaske ya sha bamban da na lissafi. Hanyar siririya ce, tana lanƙwasa tsakanin duwatsu masu sanyi da itatuwan da raɓa ke ɗiga daga ganyensu. Duk inda ta rabu, ga 'yar dabbar rawaya tana kallon inda za a bi. Ba usur, sai haki da kukan tsuntsaye. Fosmasta ya ba Sista hannu a wuraren da suka yi tsayi, ita kuma tana zagin gwiwarta da sunan likitan. Malama tana gaba, fulas a ƙirji, tana hawa ba dafawa. Sau biyu aka ce ta kawo a taya ta, ta ce a'a, amana ce.

Rana ta ɗan ɗaga lokacin da suka fito fili. Sai kowa ya tsaya inda yake.

Kwarin gaba ɗaya yana ƙarƙashinsu. Hazon yana tashi a hankali, yana yayyagewa, kogin yana fitowa daga ƙarƙashinsa gaɓa-gaɓa. Daga nesa ya taho fari kamar an zuba madara, ya karya kwana a gindin dutsen ya koma kore, sannan inda rana ta taɓa shi ya yi ƙyalli har sai an kare ido. Gonaki a gefensa kamar an shimfiɗa zannuwa a shanya. Sista, wadda ba a taɓa jin ta rasa magana ba, ta ce "Kai!" kawai, ta zauna.

A kan wani benci mai masauki tana zaune da butar shayi da kofuna.

"Kun makara," ta ce. "Ba ku bi gada ba ne?"

Ta faɗi kalmar yadda maharba ke faɗinta. A bayanta, a jikin allon da aka kafa, ga 'yar dabbar rawaya, babba wannan karon, har da idanu.

Sista ta maimaita kalmar ta hanya ɗaya, ta sake maimaita ta ta ɗaya hanyar. Sai ta kwanta a kan benci tana dariya har tana dukan katako. Malamin gona ya cire hula ya rufe fuska.

"Ina mai usur?" in ji mai masauki.

"Ya bi gada," in ji Fosmasta. "Ɗayar."

Matar ta ajiye buta. "Ta katako? Wannan ai ba ta zuwa ko'ina. Tsibirin awakin ƙanena ne. Can muke ajiye Kofur, tun da ya karya wa mai gyaran tanki haƙarƙari."

"Kofur ɗin soja ne?"

"Bunsuru ne."

A daidai lokacin iska ta kawo musu wani ɗan siririn sauti daga ƙasa. Fiit. Fiit. Fiiiit.

Fosmasta ya zare madubin hangen nesa daga wuyan Malama, ya je bakin dutse. Can ƙasa, a tsakiyar kogin, hazo ya yaye daga kan wani ɗan tsibiri mai siffar kifi. Ko ba madubi ana ganin ɗigon ruwan lemo a kansa. Fosmasta ya saita, ya fara ba da rahoto a gajarce, yadda ya saba da saƙon waya.

"Yana kan rufin rumfa. Takalmi ɗaya. Ɗayan yana bakin Kofur." Ya gyara madubin. "Ya sauko da ƙafa. Kofur ya ja baya. Ya mayar da ƙafar. Yanzu yana nuna wa Kofur yatsa. Ina jin jawabi yake masa."

"Ya sara masa?" in ji Sista, tana share hawaye.

"Rumfar yake sara."

Madubin ya zaga hannu zuwa hannu, har da wasu baƙi biyu da suka riga su hawa, waɗanda ba su san kowa ba amma suka nemi a ba su su gani. Da ya zo hannun mai masauki, dariyarta ta tsaya cak.

"Wa ya bar ƙofar a buɗe?"

Awaki ne a jere a kan gadar, suna ƙetarewa cikin natsuwa, ba mai rarrafe a cikinsu. Na gaba har sun kama hanyar lambun masauki.

"Kabejina!" Ta tattare zani ta yi ƙasa da gudu, ta bar musu buta da madubin.

Malamin gona ya girgiza kai. "Ni abin da ya ɗaure min kai, mutumin da ya gina gada arba'in da biyu, a ce bai gane gadar awaki ba?"

Duk suka juyo suka dubi Malama. Tana tsaye tana kallon kogin, inda ya yi koren nan. Shekara da shekaru tana da amsar irin wannan tambaya a shirye, amsa mai rufa asiri. Ta neme ta yanzu, sai ta ji ba, bi, bu a kunnenta.

"Siminti kam ya bayar," ta ce a hankali. "Duk gadar da aka gina, daga sitonsa aka ɗauka. Makullin yana hannunsa."

Sista ta tashi ta kanga mata madubin a ido, tun da hannuwanta a cike suke. Malama ta ga mijinta a tsugune a kan kwano, usur a baki, kumatu a kumbure. Ta kalla na ɗan lokaci.

"Ɗan ɗaga sama," ta ce. "Kogin nake son gani."

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya masuncin ya kawo Injiniya a kwalekwale har gindin barandar masaukin, inda duk baƙi da ma'aikatan kicin da direban mota suka jeru a jikin ƙarfe suna jira. Ya ɗaura rigar lemon a ƙugu, don bayan wandonsa ya zama taga. Ƙafa ɗaya takalmi, ɗaya ko safa babu. Ya hau matakala yana ɗingishi, kai a sama.

"Na kammala duba gadar," ya sanar. "Akwai gyara. Zan rubuta rahoto."

"Ka sa kabeji goma sha bakwai a cikin rahoton," in ji mai masauki daga bakin lambu, sanda a hannunta.

"Laifin takardarki ne! Wa ke rubuta kalma ɗaya da ma'ana biyu?"

"Mai karatu ɗaya ta gane," in ji Sista. "Zauna, Injiniya. Ko in ce mai makulli? Direba yana jira, a yi zaɓe."

Injiniya ya dubi matarsa. Tana zaune a kujerar gefensa, fulas a cinya, hannu biyu a kansa, tana kallon gaba.

Sista ce mai ƙirga. Ta kira Fosmasta, hannuwa tara suka tashi, har da nata. Ta rubuta. Ta kira Injiniya. Hannunsa ya tashi shi kaɗai, tsaye kamar sandar tuta. Ya jira. Ya duba hagu, ya duba dama. Sannan ya sunkuyo yana magana ta gefen baki.

"Malama. Hannunki."

"A cike suke, Baban yara. Kai ka ce in riƙe da hannu biyu, kada in sake sai ka ce."

"To na ce! Sake shi!"

Ta sake shi.

Fulas mai cin kofi goma sha biyu, cike taf, ya gangara daga cinyarta ya sauka a kan babban yatsan ƙafar da ba takalmi. Murfin ya yi tsalle, shayin nasara ya malale, da sauran zafinsa. Injiniya ya ƙwalla ƙara, ya cafke ƙafar da hannu biyu yana tsalle. Malama kuwa ta sunkuya ƙarƙashin tebur neman murfi.

Sista ta ɗaga kai daga takarda, ta duba baranda daga wannan ƙarshe zuwa wancan, a hankali, don kada a ce ta yi son kai.

"Injiniya," ta ce, tana rubutawa. "Babu."

Katunan nan ɗari biyu ba su yi asara ba. Takarda ce mai kauri, bayanta fari tas. Malama ta fi shekara tana rubuta cefane a kansu.